Yadda Ake Karanta Gini: A Fara da Jiki, Sannan a Koma Kan Alamomi

Ka zaɓi ginin da kake shiga don dole: asibiti, banki, kotu, ofishin biyan haraji, tashar jirgi. Kada ka fara da gidanka, domin sabo ya riga ya rufe maka ido a kansa. Kada kuma ka fara da ginin da ake tururuwar zuwa ɗaukar hoto, domin an gama gaya maka abin da za ka ji tun ba ka isa ba. Ginin dole ya fi koyarwa, saboda a cikinsa ne bango da ƙofa suke yi wa mutane aiki a jiki alhali hankalinsu yana wani wuri dabam.

Kayan aiki iri biyu za ka riƙe. Na farko shi ne ilimin alamomi, wanda mutum biyu suka aza harsashinsa, kowanne a nasa ɓangaren: Ferdinand de Saussure a Suwizalan, wanda aka buga laccocinsa a 1916 bayan rasuwarsa, da Charles Sanders Peirce a Amurka. Tambayar wannan ilimi ita ce yadda wani abu ke tsayawa a madadin wani, da kuma su wa suka amince da hakan. Na biyu shi ne nazarin zurfin zuciya, tafarkin Sigmund Freud da Carl Jung, wanda ya ginu a kan cewa da yawa daga abin da ke motsa mutum yana gudana ne a ƙarƙashin saninsa. Na farkon zai nuna maka abin da gini ke shelantawa. Na biyun zai taimaka maka ka gane abin da ya sa ƙirjinka ya ɗaure tun ba ka karanta allo ko ɗaya ba. Abin da nake so ka riƙa farauta shi ne inda biyun suka saɓa, inda allo ke cewa “maraba” amma kujera da kantar ma'aikata suke cewa “yi sauri ka fita”. A ganina a nan ne ainihin ma'anar gini ke fitowa fili.

Jeren aikin yana da muhimmanci. Jiki ake fara saurara, domin da zarar ka samu bayani mai daɗi a kanka, jikin zai yi gum, ba za ka ƙara jin abin da yake faɗa ba.

Zuwan farko

Ka saka waya a aljihu, ka riƙe ɗan littafi da biro. Ka fara daga tsallaken titi, ka nufi ginin da irin tafiyar da ka saba. Duk abin da jikinka ya yi, ka rubuta shi yadda yake: a nan na rage sauri, a nan na ɗaga kai, a nan na yi ƙasa da murya, a nan hannuna ya kai ga wuyan riga ya gyara. Kada ka rubuta “ginin yana da kwarjini” ko “wurin ba shi da daɗi”. Wannan hukunci ne, kuma lokacinsa bai yi ba. “Kafaɗuna sun ɗaga” ita ce irin jimlar da ake so.

Bakin ƙofa ya cancanci ka daɗe a kansa fiye da ko'ina. Matakala nawa ka taka kafin ka kai? Ƙofofi nawa ka ratsa kafin ka ga fuskar mutum? Ƙofar tana da nauyin da sai ka sa kafaɗa, ko da kanta take buɗewa? Ka saurari takunka, domin sautin ƙafa yana sauyawa idan aka bar siminti aka hau tayil, kuma wurin da ke amsa-kuwwa yana sa mutum ya ji ana jin kowane motsinsa. Ka lura da inda iska ta yi sanyi da inda haske ya ragu.

Masu zanen gini sun daɗe da sanin ƙarfin wannan wuri. Frank Lloyd Wright yakan shigo da mutum ta ƙaramin mashigi mai gajeren silin, har ya ji an matse shi, sannan ya sake shi cikin falo mai tsayi da haske, sai falon ya zama kamar ya fi girmansa. A ɗakunan shan shayi na Japan tun ƙarni na 16 akan bar wa baƙi ƙofar da sai da rarrafe ake shiga, yadda babba da ƙarami duk sai sun durƙusa, mai takobi kuma sai ya ajiye shi a waje. Majami'ar Haihuwa da ke Baitalami, inda ake cewa an haifi Annabi Isa, ita ma ƙofarta ba ta kai ƙirjin babban mutum ba, kowa sai ya sunkuya. Amma dubi bambancin. A bangon har yanzu ana ganin shacin manyan ƙofofin da aka toshe, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne an rage ta ne don hana shiga da dawakai da amalanke. Daga baya ne mutane suka sa mata sunan Ƙofar Tawali'u. Jiki ya riga ya sunkuya, sannan aka ba sunkuyawar ma'ana. Ka riƙe wannan, domin zai hana ka ɗauka cewa duk abin da ka ji a gini wani ne ya shirya shi.

Idan ka shiga, ka nemi wurin zama, ka lura da kujerar da ranka ya fara so. Galibi za ta kasance wadda bayanta ke jingine da bango, gabanta kuma yana hango ƙofa. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya yi bayanin wannan a 1975: mutum yana samun natsuwa a inda yake gani ba a ganinsa, wato wurin da ya haɗa hange da mafaka. Ka duba ko ginin ya ba kowa irin wannan wuri, ko kuwa ya ajiye shi ga ma'aikata kawai.

Kada wani ya ce maka wannan duk tatsuniya ce. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa nazarin da ya yi kan bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga barin asibiti, kuma sun fi ƙarancin buƙatar magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Ƙaramin nazari ne, amma shi ya buɗe ƙofar bincike mai yawa kan yadda ɗaki ke shafar jinya.

Zuwa na biyu

Yanzu ka fito da kyamara. Peirce ya kasa alamomi gida uku, kuma rabon nasa yana aiki sosai a kan gini.

Akwai alamar da ke nuni ta hanyar kama. Misalin da ya fi shahara shi ne wani shago da wani mai kiwon agwagi ya gina a Long Island da ke Amurka a 1931 da siffar ƙatuwar agwagwa, don mai wucewa a mota ya san abin da ake sayarwa. Masu zanen gini Robert Venturi da Denise Scott Brown sun ɗauke shi a 1972 suka raba gine-gine biyu da shi: wanda siffarsa ce saƙonsa, da wanda akwati ne kawai aka manna wa allo. Irin na farkon ba shi da yawa, ba zai ci maka lokaci ba.

Akwai alamar yarjejeniya, wadda ba ta da ma'ana sai ga wanda ya koyi ƙa'idarta. Babu abin da ya haɗa ginshiƙin dutse da amana, amma bankuna sun yi fiye da shekara ɗari suna aron siffar haikalin Girka. Bankin Amurka na Biyu da aka kammala a Philadelphia a 1824 an kwaikwayo shi ne daga haikalin Parthenon, yana cewa kuɗinka na cikin abin da ba ya gushewa. A 1954 kuwa bankin Manufacturers Trust ya buɗe reshe a New York da bangon gilashi, aka sa ƙofar taskar kuɗi tana kallon titi, duk mai wucewa yana ganinta. Saƙon bai sauya ba, amana ce dai ake nema, amma an bar kaurin bango an koma ga cewa ba mu ɓoye komai. Tsakanin gine-ginen biyu an yi durƙushewar bankuna ta farkon shekarun 1930, an kuma kafa inshorar ajiya a 1933, kuma ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa bango mai kauri ya daina zama hujja. Haka nan idan ka shiga lif a wasu dogayen benaye na Amurka ba za ka ga hawa na 13 ba, a wasu na Sin da Japan da Koriya kuma na 4 ne ke ɓacewa, saboda furucin lambar ya yi kama da kalmar mutuwa. Duk alamar yarjejeniya da ka gani, ka tambayi kanka wa ya san wannan ƙa'ida. Baƙo ya san ta? Yaro fa? Wanda bai iya karatu ba? Gini yana iya yin magana da kyau da mutum ɗaya cikin goma ya bar sauran suna ta dube-dube.

Ta ukun ita ce alamar sawu, wadda abin da take nunawa shi ne ya haifar da ita, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta. Ita na fi ƙauna, kuma a kanta nake so ka ɓata mafi yawan lokacinka, domin babu wanda ya zana ta, saboda haka ba ta iya ƙarya. Dubi matakala, ka ga gefen da ya fi lotsawa. Dubi ciyawa, ka ga ƴar hanyar da ƙafafu suka fitar a gefen wadda aka shimfiɗa. Dubi bangon bayan benci, za ka ga duhun maiƙo daidai inda kawuna ke jingina, shi zai gaya maka ana daɗewa a wurin. Ƙofar da aka tokare da kujera tana cewa an rufe hanyar da mutane ke buƙata. Labulen da ba a taɓa zugewa ba yana cewa tagar ta tona asirin na ciki ko ta shigo da rana fiye da kima. Sannan akwai takardun da aka rubuta da hannu aka manna da salatif: “a tura”, “ba nan ba ne”, “biyan kuɗi a sama”. Ka ƙirga su, ka zana inda kowace take. Kowace takarda shaida ce cewa a daidai nan ginin ya kasa yin bayanin kansa, har wani ma'aikaci ya gaji da amsa tambaya ɗaya.

Daga nan ka ɗauki sassan ginin ɗaya bayan ɗaya ka yi musu tambayar Umberto Eco, masanin ilimin alamomi ɗan Italiya. Shi ya ce kowane sashe yana da aikin farko da aiki na biyu, ya ba da misali da karagar mulki: aikinta na farko a zauna, na biyu ta nuna sarauta, kuma saboda na biyun akan yi ta miƙaƙƙiya mai tauri har zaman ya yi wuya. To ina ne a gininka aiki na biyu ya danne na farko? Faffaɗar matakalar gaban kotu tana nuna girman shari'a, amma mai keken guragu sai ya zagaya ta gefe. Wani lokacin kuma ayyukan biyu suna tafiya tare. Ƙubbar gilashin da Norman Foster ya ɗora wa majalisar dokokin Jamus a Balin, wadda aka buɗe a 1999, tana shigo da haske cikin zauren, sannan jama'a suna hawa su zagaya a saman kawunan wakilansu. A ginin da gobararsa ta 1933 ta share wa mulkin kama-karya hanya, ba sai an fassara wa kowa wannan ba.

Abu na ƙarshe a wannan zuwan: ka raba abin da ka gani yadda masanin gine-gine Amos Rapoport ya raba a 1982. Akwai kafaffu, wato bango da rufi da ginshiƙi. Akwai masu ɗan motsi, irin su kujeru, labule, hotuna, tukwanen fure da alluna. Akwai masu motsi, wato mutane da tufafinsu da yadda suke tsayawa. Ya nuna cewa masu amfani da gini sun fi zuba ma'anarsu a cikin na tsakiyan, domin shi ne hannunsu ke kai wa.

Wani ɗakin jira

Akwai ɗakin jira na wani asibiti da nake kai ɗalibai. A bangon da ke fuskantar ƙofa an kafa babban hoton likita tana murmushi, da rubutun da ke cewa lafiyarka ce a gabansu. An shafa fenti mai ruwan ganye, an ajiye fure. A fagen yarjejeniya komai ya yi daidai.

Kujerun kuwa an ɗaure su da ƙusa a layi-layi, duk suna kallon bangon gilashi guda. Ramin magana da ke jikin gilashin yana daidai ƙirjin babban mutum, saboda haka duk wanda aka kira sai ya ranƙwafa. Gilashin yana da kauri, sai an ɗaga murya, kuma abin da za a faɗa ciwon jiki ne, a gaban ɗaki cike da baƙin fuska. Daɓen da ke bayan gilashin ya fi na waje tudu da taki guda. Na ga wani dattijo ya sa tafin hannu ya kare gefen bakinsa yana magana, ma'aikaciyar ta ce, “Baba, ƙara ɗaga murya,” ya waiwaya ya dubi mutanen da ke bayansa kafin ya maimaita. A gefen kantar fenti ya goge a wurare biyu, daidai inda hannuwa ke dafawa. Kujeru biyun da ke bayan ginshiƙi, inda ba a ganin mutum sosai, su ake fara cikewa.

Ba na jin akwai wanda ya zauna ya shirya wulaƙanta marasa lafiya. An sa gilashi don kariya, an ɗaure kujeru don kada a watsa su. Amma hoton yana cewa kulawa, jiki kuma yana koyon roƙo, kuma abin da jiki ya koya shi mutum ke tafiya da shi gida.

Sama, ƙasa da baya

A 1909, lokacin tafiyarsu Amurka tare da Freud, Jung ya yi mafarkin yana cikin wani gida. A bene akwai falo mai ado. Da ya sauko ƙasa ya tarar komai ya fi tsufa, duhu-duhu, da daɓen jan bulo. Ya bi wata matakala zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ginin zamanin Rumawa. A daɓen ya ga faifan dutse mai zobe, ya ɗaga, ya gangara cikin kogo mai ƙura da fasassun tukwane da ƙoƙon kan mutum biyu. Freud ya damu da sanin mutuwar wa Jung ke fata a ɓoye. Jung kuwa ya ɗauki gidan gaba ɗaya a matsayin hoton zuciya: sani a sama, sannan hawa-hawa zuwa abin da ya girmi mutum ɗaya, wanda ya ce dukkanmu mun gada. Bai tsaya a mafarki ba. A 1923 ya fara gina hasumiya ta dutse a Bollingen, a bakin tafkin Zurich, ba lantarki ba famfo, yana ƙara mata sashe bayan sashe cikin shekaru, kuma bayan rasuwar matarsa Emma a 1955 ya ɗora bene a tsakiya. Ya ɗauki ginin a matsayin bayanin kansa da ya yi da dutse.

Yadda za ka yi amfani da wannan yana buƙatar hattara. Kada ka mayar da shi ƙamus, ka ce duk ɗakin ƙarƙashin ƙasa ɓoyayyen tunani ne, duk hasumiya girman kai ce. Maganar Jung kan sifofin da aka gada ba abu ne da aka tabbatar a ɗakin gwaji ba, kuma masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su yarda da ita ba. Amfaninta a wurina shi ne tana haifar da tambayoyin da ilimin alamomi shi kaɗai ba ya kawowa. Me wannan gini ya ɗora a sama? Me ya tura ƙasa? Wa ke da taga, wa ba shi da ita?

Tambayar da ta fi kowace amfani ta fito ne daga abin da Jung ya kira inuwa, wato halayen da mutum ba ya son amincewa nasa ne, sai ya tura su inda ba ya gani. Akan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar gini an yi ta ne don a gani, saboda haka ka zagaya baya. Ka nemi inda ake tara shara, inda janareta ke ruri, ƙofar da ma'aikata ke shiga, ɗakin da masu goge-goge ke sauya kaya. A otal ka kwatanta faɗin barandar baƙi da ta masu hidima, da irin fitilar da aka sa wa kowace. A asibiti ka tambaya ta ina ake fitar da gawa. Ɓoye wasu abubuwa ladabi ne da tausayi, ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko abubuwa aka ɓoye ko mutane, kuma a wane hali aka bar waɗanda aka ɓoye ɗin.

Akwai tarkon da ke jiran kowa a nan. Mutum yana ɗora wa gini abin da ke cikin zuciyarsa, ya ɗauka daga bangon ya fito. Wanda aka taɓa tsorata a doguwar baranda zai ji kowace doguwar baranda tana da mugunta. Clare Cooper Marcus, wadda ta koyar a jami'ar Berkeley, ta shafe shekaru tana sa mutane su zana gidajensu su kuma yi musu magana kamar da mutum, ta ga yadda gidan ƙuruciya ke bin mutum zuwa duk inda ya zauna. Ka gwada wannan a kanka. Ka zana gidan da ka tashi a ciki daga ƙwaƙwalwa, ka sa alama a inda kake ɓuya, inda aka hana ka shiga, da inda kake jin tsoro. Sannan ka ajiye zanen kusa da abin da ka rubuta a zuwan farko. Inda suka yi kama sosai, ka yi zargin cewa kai ne kake magana.

Gwaji na biyu ya fi wannan ƙarfi. Ka tafi da mutum biyu ko uku da suka bambanta da kai a tsayi, shekaru, jinsi ko lafiyar ƙafa. Kowa ya rubuta nasa kafin ku yi magana da juna. Abin da ya bayyana a littafin kowa na ginin ne. Abin da ya bayyana a naka kaɗai naka ne, kuma shi ma yana da daraja, sai dai ba za ka kai shi gaban mai ginin a matsayin hujja ba.

Idan karatu biyu suka yi karo

Wurin tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, a birnin Washinton, ya nuna yadda hanyoyin biyu ke iya ba da amsa mabambanta. Maya Lin tana da shekara 21, ɗaliba a jami'ar Yale, lokacin da zanenta ya yi nasara a 1981 cikin zane 1,421. Bango biyu ne na baƙin dutse mai sheƙi, kowanne kimanin mita 75, sun nutse cikin ƙasa sun haɗu a kusurwa. An sassaƙa sunaye fiye da 58,000, an jera su bisa lokacin mutuwa, ba a bi muƙami ko haruffa ba.

A ƙa'idar yarjejeniya ta wannan birni, abin girmamawa fari ne kuma sama yake yi. Saboda haka wasu tsofaffin sojoji da ƴan siyasa suka karanta baƙi da nutsewa a matsayin kunya da shan kaye, suka yi ta adawa har aka ƙara tuta, da kuma mutum-mutumin sojoji uku a 1984. Karatunsu ba kuskure ba ne, ƙa'idar da suka sani ke nan. Amma mai tafiya a wurin yana farawa ne da bango a idon sawunsa. Hanya tana gangarawa, bangon yana tsawo har ya wuce kansa ya kai kusan mita uku, hayaniyar gari tana raguwa, kuma yana ganin fuskarsa a cikin dutsen tare da sunayen. Sannan hanyar ta sake hawa ta fito da shi. Sauka cikin ƙasa wurin matattu da dawowa, irin abin da Jung zai gane nan take. Sawu ne ya raba gardamar: mutane suna shafa sunaye, suna ɗora takarda su goga fensir su kwafi sunan nasu, suna barin wasiƙu da lambobin yabo a gindin bangon, har hukumar da ke kula da wurin ta riƙa tattara su tana adanawa.

Ka tambayi masu wurin

Duk abin da ka tara hasashe ne har sai ka ji daga bakin mai gadi, mai shara da wanda ya daɗe yana aiki a wurin. Kada ka tambaye su ma'anar ginin. Ka ce: ina kake zuwa idan kana son ka huta? Wane wuri ne ba ka son wucewa da dare? Me baƙi suka fi tambaya? Me aka sauya tun da ka zo?

Sauye-sauyen da mazauna suka yi su ne amsa mafi ƙarfi. A Pessac, kusa da Bordeaux a Faransa, Le Corbusier ya gina wa ma'aikata gidaje kimanin 50 a shekarun 1920, masu shimfiɗaɗɗen rufi da dogayen tagogi. Da Philippe Boudon ya je nazari a shekarun 1960 ya tarar da yawa sun rage tagogin, sun toshe barandu, wasu sun ɗora rufi mai tudu. Mai zanen yana cewa sabuwar rayuwa, su kuma suna neman abin da idonsu ya sani a matsayin gida.

Kuma ka san iyakar wannan karatu. Rukunin gidajen Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, benaye 33 masu hawa 11, an fara rushe su a 1972, har mai sharhi kan gine-gine Charles Jencks ya ayyana hakan a matsayin mutuwar salon ginin zamani. Labarin ya yi daɗin faɗa, amma birnin yana asarar mutane da ayyuka a lokacin, kuɗin gyara ya dogara ne da hayar talakawan da ke raguwa, ga wariyar launin fata. Lif ɗin da ya lalace ba a gyara ba, ba alama ba ce da ke jiran fassara. Kafin ka ɗora laifi a kan siffa, ka tambayi wa ke biyan kuɗin kula da ginin.

Rubutawa

Shafi ɗaya ya isa. Ka raba shi uku: abin da ginin ke shelantawa, abin da jikinku ya yi, abin da sawu ya nuna. A ƙasa ka rubuta jimla guda mai “amma” a tsakiya, misali: ɗakin yana alkawarin kulawa, amma yana tilasta wa mutum faɗin ciwonsa da ƙarfi a sunkuye. Idan jimlar ta ƙi fitowa, ka koma a wani lokaci dabam, da sassafe ko dab da tashi, lokacin da ƙofar ma'aikata ta fi ta gaba aiki.

Idan kana da ta cewa a ginin, ka fara da masu ɗan motsi, domin ba sa buƙatar magini. Ka kwance kujeru ka jera wasu a jikin bango, ka ja layin jira baya yadda na gaba zai yi magana ba a ji ba, ka zuge labulen da ke rufe bishiya. Sannan ka cire duk takardun salatif a rana ɗaya, ka dawo bayan wata guda. Waɗanda aka sake mannawa su ne ke nuna wuraren da sai an fasa bango ko an matsar da ƙofa, kuma da jerinsu za ka je wurin mai zanen gini.